Ajiyar Takardu a Ofishin Hakimi: Abin da Ƙasar Birnin Gwari Ke Bukata

A watan Nuwamba na 2024 Gwamnan Jihar Kaduna, Malam Uba Sani, ya tafi Birnin Gwari ya buɗe kasuwar shanu, wadda ta yi kimanin shekara goma a rufe saboda ɓarnar 'yan bindiga. Bayan sulhun da aka ƙulla a lokacin, mutane da yawa waɗanda suka gudu suka bar ƙauyukansu sun soma komawa. To, amma wanda ya bar gonarsa shekara biyar ko bakwai ba ya komawa ya iske ta yadda ya bar ta. Gonar ta koma daji, gambar da aka dasa a kan iyaka ta haɗe da sauran ciyawa, ɗorawar da a ke kwatance da ita an sare ta, dattijon da ya san inda iyakar ta tsaya kuwa ko ya rasu, ko yana can Kaduna ko Funtuwa bai dawo ba. Da an fara sharar gona sai gardama ta tashi. Zangon farko na gardama zauren dagaci ne, in ta gagara sai ofishin hakimi. Nan ne hakimi zai waiwaya ya ce wa malaminsa, "Ɗauko takarda."

Abin da ke biyo bayan wannan kalma shi ne maganar wannan ɗan littafi. Takardar da aka rubuta, aka ajiye, amma ba a iya fito da ita ranar da a ke nemanta, ba ta fi wadda ba a rubuta ba. Wadda kuma mutum ɗaya tak ya san inda ta ke, ita ma kusan haka ta ke, gama mutumin nan yana iya tafiya, ko a sauya masa wurin aiki, ko Allah ya yi masa rasuwa.

Yadda takardu suka watse

A zamanin En'e, Birnin Gwari tana cikin Lardin Zariya, amma ba ta ƙarƙashin Sarkin Zazzau. Tana da En'e tata ta kanta, kamar Kagoro da Jaba da Marwa. A lokacin, aikin malamin gunduma sananne ne. Akwai rajistar haraji, wadda a ke rubuta sunan kowane baligi ƙauye ƙauye, akwai littafin jangali, akwai rasit mai kwafi, sa'an nan akwai littafin gunduma, inda a ke rubuta tarihin ƙasar, da iyakokinta, da kasuwanninta, da jerin waɗanda suka riƙe sarauta. In Di'o ya zo rangadi, waɗannan littattafai ya ke fara dubawa. Kada a ɗauka ƙaunar tarihi ce ta sa Turawa suka matsa wa wannan aiki. Kuɗi ne, don sisin da bai shiga rajista ba ba ya isa Baitulmali. Amma ko mene ne dalilinsu, ofis ya saba da cewa akwai ranar da wani zai zo ya buɗe littafi ya yi tambaya.

A 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo shawara a Majalisar Wakilai ta Kaduna cewa a gyara mulkin En'e, a 1954 kuwa aka yi sabuwar dokar En'e. A wannan shekara ce makarantar akawuna ta Kongo, a Zariya, ta zama makarantar koyon aikin mulki, inda ma'aikatan En'e da yawa suka sami horo.

Daga baya sauye-sauye suka biyo juna. Bayan juyin mulki na 1966 aka karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotunan alƙalai daga hannun En'e. A 1976 aka kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya ko'ina a ƙasa, baitulmali da ma'aikata suka koma hannunsu. A 1979 gwamnatin Alhaji Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a Jihar Kaduna. Ba mai hankalin da zai ce a dawo da su, don talaka ya sha wuyarsu. Amma akwai abin da ya tafi tare da su ba a lura ba: rajistar haraji ita ce ƙidayar da a ke sabuntawa kowace shekara, ita ce kuma dalilin da ya tilasta wa dagaci ya san wanda ya shigo ƙasarsa da wanda ya fita. Da ta tsaya, ba a sa wani littafi a gurbinta ba. Sa'an nan a 2017 Gwamnatin Jiha ta rage gundumomi daga 390 zuwa 77, hakimai 313 suka sauka. Duk sa'ad da aka yi irin wannan sauyi, a kan faɗa wa ma'aikaci inda aka mai da shi, amma ba kullum a ke tunawa a faɗi inda takardu za su koma ba. Ya kamata kowane hakimin da aka haɗa wata gunduma da tasa ya tambayi kansa ko takardunta suna ofishinsa, ko kuwa har yanzu suna cikin buhu a gidan wanda ya sauka.

Ga abin lura. Fayilolin Lardin Zariya na zamanin Turawa da yawa suna nan a Gidan Ajiyar Takardun Tarihi na Kaduna, reshen ofishin da Dokta Kenneth Dike ya jagoranci kafawa a Ibadan a 1954. Mai bincike ya kan duba jeri, ya rubuta lamba, a ɗauko masa fayil ɗin da ya girme shi. Ba wani sihiri ya tsare su ba. An ba kowane fayil lamba, an kuma rubuta lambar a wani littafi dabam. Abin kunya ne a ce takardar 1935 ta fi ta shekara biyar da suka wuce sauƙin samu.

Lamba da jeri

Gyara ba ya bukatar kuɗi mai yawa a farko. Littattafan rajista uku, da bangon fayil, da zare, da biro mai kyau sun isa a fara.

Littafi na farko na shiga da fita ne. Kowace takarda da ta iso, daga fada ne, ko daga sakatariyar ƙaramar hukuma, ko daga hannun dagaci, a shigar da ita ran nan: ranar zuwanta, wanda ya aiko, abin da ta ƙunsa a taƙaice, da lambar fayil ɗin da aka sa ta. Wannan gurbi na ƙarshe shi ne malamai suka fi bari fanko, shi ne kuwa ya fi sauran amfani. In babu shi, littafin ya shaida takarda ta zo, amma bai faɗi inda ta kwana ba.

Fayil kuma, magana ɗaya fayil ɗaya. Rikicin gona tsakanin gidaje biyu fayil ne, naɗin mai unguwa fayil ne, burtali fayil ne. Fayil mai suna "Takardu Dabam Dabam" a guje shi, gama nan ne takardu ke shiga su ɓace. A ce a ofishin Kuyello ne, sai a rubuta KYL/G/14, watau G tana nufin gonaki, wannan kuwa shi ne fayil na goma sha huɗu a cikinsu. Lambar da aka ba wani fayil ba a sake ba wani, ko da an rufe na farkon. Kowace takarda da ta shiga a huda ta, a ɗaure da zare, a rubuta mata lambar shafi a kusurwa. Amfanin wannan shi ne, in wani ya zare shafi na 23 don ya taimaki ɗan'uwansa, duk wanda ya buɗe zai ga 24 ta bi 22.

Littafi na biyu shi ne jerin fayiloli, shi ne mabuɗin ofis. A yi shi kashi biyu, ɗaya bisa lamba, ɗaya bisa sunan ƙauye, don mai ƙara ba ya zuwa da lamba a bakinsa, da sunan ƙauyensa ya ke zuwa. Na uku ƙarami ne, na wanda ya ɗauki fayil: sunansa, da rana, da sa hannu, ko da hakimi ne da kansa. Hakimin da ke son ya san matsayin ofishinsa yana iya gwadawa da sauƙi. Ya zaɓi ranar da malaminsa ba ya nan, ya kira wani mai iya karatu, ya ba shi littafin jeri, ya ce ya nemo wata takarda ta shekara uku da suka wuce. In an yi minti goma ba a same ta ba, da sauran aiki.

Maganar suna tana bukatar a dakata a kanta, don nan ne ko malami mai himma ke tuntuɓe. Mutum ɗaya yana iya zama Abubakar a takardar gado, Garba a takardar saye, Habu a bakin maƙwabtansa. A ƙauye ɗaya kuma ana iya samun Muhammadu goma. Saboda haka a rubuta sunan yanka, da sunan uba, da laƙabin da aka fi saninsa da shi, da ƙauye, in kuma yana da lambar shaidar ɗan ƙasa a sa ta. Sunayen wurare ma haka. Wani ya rubuta Kuyello, wani Kuyallo. Wani ya rubuta Birnin Gwari kurum, alhali akwai tsohon gari akwai sabo. Mutum in ya karanta ya kan gane, amma kwamfuta ba ta ganewa, wurare biyu za ta ɗauke su. Ya kamata masarauta da ƙaramar hukuma su zauna su tsai da rubutu ɗaya ga sunan kowane ƙauye a mazaɓu goma sha ɗaya na ƙasar, daga Randagi da Kakangi har Dogon Dawa da Tabanni, a raba jerin ga kowane ofis. Kwanan wata kuma a rubuta shi cikakke, rana da wata da shekara. In an sa na Hijira, a sa na Miladiyya kusa da shi.

Takardar gona

Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a karkara, muddin filin bai wuce hekta 500 ta noma ko hekta 5,000 ta kiwo ba. Tun 2015 kuma hukumar KADGIS ce ke riƙe da rajistar filaye ta Jihar Kaduna. Watau hakimi ba shi ke ba da mallaka ba. Amma yawancin gonakin karkara ba su taɓa shiga wata rajista ba, in kuwa magana ta kai kotu ko ta kai Kaduna, abin da dagaci da hakimi suka shaida shi a ke fara nema. Don haka takardar da malami ya rubuta a zaure tana da nauyin da ya fi yadda shi kansa ya ke zato.

Abu biyu ke lalata irin wannan takarda. Na farko, rashin faɗin yadda gonar ta shiga hannun mai ita. Gado dabam, saye dabam, kyauta dabam, aro dabam, jingina dabam, haya dabam. Rigima mafi zafi ba ta iyaka ba ce, ta aro ce: uba ya ara wa baƙo gona don mutunci, shekara talatin ta wuce, duka biyu sun rasu, 'ya'yan wannan suna cewa aro ne, 'ya'yan wancan suna cewa kyauta ce. Kalma ɗaya a takarda da ta kashe maganar. A yanzu ma da mutane ke komawa, akwai waɗanda suka noma gonakin maƙwabtansu da ba su nan, wasu da izini wasu ba izini. Dagacin da ya sa aka rubuta "aro ne, na damina biyu" a gaban shaidu, ya ɗauke wa wanda zai gaje shi shari'a.

Na biyu, kwatancen iyaka da abin da ba ya daɗewa. "Daga kaɗanya zuwa suri" kwatance ne mai kyau muddin kaɗanyar tana tsaye, amma masu gawayi ba su tambayar ko itace shaida ne. A rubuta maƙwabta huɗu, gabas da yamma da kudu da arewa, kowa da cikakken sunansa, a ambaci abin da ba ya motsi, kamar rafi ko dutse ko hanya. Wayoyin hannu na zamani kuma suna nuna lambobin wurin da mutum ya ke tsaye, ta hanyar tauraron ɗan Adam, ko da babu layin kira. Malami ya tsaya a kowace kusurwa ta gonar ya kwafe lambobin nan cikin takardar. Ba su kai awon safiyo daidaito ba, suna iya kuskure da 'yan taku kaɗan, amma ba a sare su.

Ƙauyukan da ke bakin dajin Kamuku suna da wata bukata ta musamman. An keɓe dajin nan a 1936 a matsayin gandun daji na En'e, a 1999 kuma ya koma hannun Gwamnatin Tarayya ya zama gandun ƙasa. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 1,120 ne, kogin Mariga ya raba shi da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. Bisa al'ada, odar da a ke keɓe gandun daji da ita ta kan fito cikin jaridar gwamnati, watau Gazet, ta bayyana iyaka, ta kuma jera haƙƙoƙin da aka bar wa mutanen wurin, kamar hanyar wucewa ko ɗiban 'ya'yan itace. Ya kamata kowane hakimin da ƙasarsa ta taɓa gandun ya nemi kwafin takardun iyaka daga hukumar gandun, ya buɗe musu fayil. In ba haka ba, ranar da ma'aikacin gandu ya kama manomi yana cewa ya shiga, manomi yana cewa gonar kakansa ce, hakimi ba shi da abin da zai duba sai fuskokinsu.

Wurin ajiya ba ya bukatar dogon bayani. Kabad na ƙarfe ya fi na katako, a ɗaga shi daga ƙasa, a janye shi daga bango saboda gara, a duba rufi kafin damina. Fil na ƙarfe yana tsatsa ya ci takarda, a cire shi daga fayilolin da za su daɗe. Rasit ɗin nan siriri da na'urar biyan kuɗi ke fitarwa rubutunsa ya kan goge da kansa, musamman a zafi, saboda haka a yi masa hoton kwafi tun yana sabo.

Kwamfuta

Yanzu an zo ga abin da mutane da yawa ke nufi in sun ce "zamani". Kwamfuta tana da amfani ƙwarai. Tana nemo suna cikin dubbai kafin a ƙifta ido, tana kuma ba da damar a ajiye kwafi a wani gari, wanda shi ne babban amfaninta ga ƙasar da ta ga an ƙone ƙauyuka. Dokar shaida ta 2011, a sashe na 84, ta yarda kotu ta karɓi takardar da ta fito daga kwamfuta in an cika sharuɗɗanta. Amma fa kwamfuta ba ta tsara abin da ba a tsara ba. Wanda ya ɗauki hoton takardu dubu biyu daga buhu ya zuba a ciki ba suna ba lamba, buhu na biyu ya yi, sai dai wannan yana bukatar lantarki kafin a buɗe shi. Tilas takarda ta sami lambarta a fayil tukuna, sa'an nan hotonta ya ɗauki wannan lamba daidai: KYL/G/14, shafi na 23. Ofishin da ba shi da kwamfuta ma yana iya farawa da wayar hannu da ɗan faifan hasken rana na caji.

Kada kuma a jefar da takardar asali don an ɗauki hotonta. Mutanen Birnin Gwari ba sai an ba su labari ba: daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba na 2021 an katse layukan waya a wasu sassan jihar saboda tsaro, har da ƙasarsu. Ofishin da dukan abin da ya mallaka ke kan intanet, a watannin nan ba shi da ko shafi ɗaya. Hanya mafi aminci ita ce kwafi uku: takarda a kabad, hoto a na'urar ofis, wani hoton kuma a sakatariyar ƙaramar hukuma ko ofishin sakataren masarauta, a riƙa sabunta shi wata wata. Kalmar sirrin buɗe na'ura kada ta zauna a kan mutum ɗaya. A rubuta ta, a rufe a ambulan, a ajiye wurin hakimi. Takardun hukuma kuma kada su zauna a wayar malami ta kansa ko cikin saƙonnin WhatsApp kurum, don ranar da wayar ta faɗa rijiya ko aka ƙwace ta a hanyar Kaduna, sun tafi ke nan.

Akwai haɗarin da ya fi wannan. Littafin da ya jera sunayen masu shanu da adadin garkensu, ko masu tarin hatsi, ko waɗanda suka kawo rahoton tsaro, in ya faɗa hannun ɓarawo ya zama jagorarsa. Takarda a kabad sai an fasa ofis kafin a kai gare ta, amma hoto a waya taɓawa ɗaya ya isa ya kai shi daji. Irin waɗannan fayiloli a ware su, a kulle, kada a ɗauki hotonsu da waya sam, kada kuma masinja ya kai su a buɗe. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan jama'a nauyin tsare su. A ƙasar Birnin Gwari kuwa, ko babu doka, rai ne a ciki.

Takardun ofis na ofis ne, ba na gidan sarauta ba, ba kuma na malamin da ya rubuta su ba. Ranar da hakimi ko malami zai bar aiki, a zauna da littafin jeri, a ƙirga fayiloli ɗaya ɗaya, mai bayarwa da mai karɓa su sa hannu, a aika kwafi fada da ƙaramar hukuma. Ba kowace takarda ce ta cancanci ajiya har abada ba, takardar gayyatar taro ba ta kai takardar iyaka ba. Amma kada malami ya ƙone kome bisa ra'ayin kansa. Ya jera abin da ya ke ganin ya ƙare amfani, ya nemi izini a rubuce. Abin da ya shafi ƙasa, da iyaka, da sarauta, da gado, ba a taɓa shi. Tsofaffin takardun Ajami ko na Larabci da aka tarar cikin buhu kada a liƙe su da salatef, yana ɓata su. A shimfiɗa su tsakanin fararen takardu, a nemi shawarar Gidan Ajiya na Kaduna ko Gidan Arewa.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne bayan kaka, sa'ad da hanya ta bushe, takarda ba ta da laima, mutane kuma sun sami sarari. Ba a fafe gora ranar tafiya. A fara da fayilolin gonaki na ƙauyukan da mutanensu suka dawo, a bar sauran buhunan su jira, don a gama jerinsu kafin watan Afrilu, lokacin da a ke fita sharar gona.